Aikin farko a kanti: abin da tsofaffin hannu suka ce

Waɗanda suka fara aikin kanti tun suna 'yan shekara 16 ko 17, bakinsu ya fi zuwa ɗaya a kan maganar ƙafa. Tsayuwar awa shida ba wasa ba ce, a nemi takalmi mai laushin ciki wanda ba ya santsi, gayu ya jira. Kwali mai nauyi kuwa a durƙusa a ɗauka, kada a sunkuya.

Wajen jera kaya, tsoho ake jawowa gaba, sabo ya koma baya, ana duba ranar lalacewa. Mai karɓar kuɗi ya ƙirga abin da ke cikin durowa kafin ya fara da bayan ya tashi, domin in aka samu giɓi shi za a tuhuma.

A kan fushin kwastoma ne aka yi ja-in-ja. Wasu suka ce a yi haƙuri, wasu suka ce a kira manaja nan take. Ni dai ina bayan na biyun. Sabon shiga ba shi da ikon rage farashi ko karɓar kayan da aka dawo da su, to musun me zai yi? Awannin aiki ma a riƙa rubuta su, a gwada da takardar albashi.