Neman kalmar Hausa: me za mu kira hypersensitivity pneumonitis?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina neman sunan Hausa na cutar da Turawa ke kira hypersensitivity pneumonitis, wato kumburin da huhu ke yi idan mutum ya yi ta shaƙar ƙurar tsirrai ko ta tsuntsaye. Shawarar da ke gabana ita ce "nimoniyar ƙura". Likitoci, me kuka gani?

Likitar Ƙirji: Wa alaikumus salam, Malam. Don Allah a cire nimoniya. Duk wanda ya ji ta zai ɗauka ƙwayoyin cuta ne suka kama huhu, ya nemi maganin kashe su, kuma nan ne ake yin kuskuren da ya fi cutar da masu wannan ciwo. A wannan ciwo kuwa, garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri. Ƙurar da girman ƙwayarta bai kai maikron 5 ba (maikron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita) tana zarcewa har cikin 'yan jakunkunan iska na can ƙasan huhu, garkuwa ta far mata, bangon jakunkunan ya kumbura, iskar oksijin ta kasa ratsawa cikin jini yadda ya kamata. Bayan awa 4 zuwa 8 da shaƙar sai zazzaɓi, makyarkyata, busasshen tari da haki. In aka kwantar da mutum a asibiti yakan samu sauƙi cikin kwana ɗaya ko biyu don ya rabu da ƙurar, amma sai a yaba wa allurar kashe ƙwayoyin cuta da aka yi masa. Ya koma bakin aiki, ciwo ya dawo.

Malamin Gona: To me zai hana a ce "ciwon huhun manoma"? Tun 1932 aka bayyana shi a Ingila a jikin masu aikin ciyawa. Ciyawar da aka tara da danshi fiye da kashi 30 cikin 100 tana ɗaukar zafi har ta haura digiri 50 a ma'aunin Celsius, fumfuna da ƙwayoyin da ke son zafi su yaɗu a ciki. Ranar da aka kwance damin a rufaffen ɗaki, ƙurar ce ke turnuƙewa.

Likitar Ƙirji: Wannan reshe ɗaya ne, Malam. Mai kiwon tattabaru da aku yana kamuwa daga busasshen kashinsu da garin gashinsu, haka mai aiki da tuƙar rake da ta yi fumfuna, da mai zama a ɗakin da na'urar ƙara wa iska danshi ta ƙazantu. In aka ce na manoma ne, waɗannan ba za su taɓa zargin kansu ba.

Ma'aikacin Jinya: Ni na fi son "borin huhu". Kowa ya san borin jini: jiki ne ke tawaye ga abin da wasu ke mu'amala da shi lafiya lau. Haka nan ma, mutane da yawa za su shaƙi ƙura ɗaya, kaɗan ne za su kamu. Fargabata kawai kada a haɗa shi da asma.

Likitar Ƙirji: Na goyi bayan wannan. Bambancin da asma sai a riƙa faɗa a bayani: asma bututun iska take matsewa, sau da yawa cikin mintuna, ana jin fito a ƙirji. Wannan kuwa jinkiri yake yi, kuma abin da ake ji a ƙasan huhu ƙas-ƙas ne. Ina so a ƙara rabuwa biyu da ƙungiyoyin likitocin ƙirji suka tsayar a 2020: mai tabo da marar tabo. Marar tabo yakan warke idan an rabu da ƙurar, wani lokaci da taimakon prednisolone, maganin rage kumburi. Mai tabo huhun ya riga ya ƙandare, tabon ba ya gogewa, sai dai a rage masa gudu. Shi ya sa nake damuwa da sunan: shi ne zai sa a tambayi mai tari me yake shaƙa tun kafin tabo ya zauna.

Malamin Gona: Kalmar ƙura fa, a sa ta a cikin sunan?

Ma'aikacin Jinya: Kada a liƙa ta ita kaɗai, don ƙurar dutse wata cuta take haifarwa daban. A ambaci tushen inda aka san shi.

Mai Fassara: Na gode muku. Zan rubuta "borin huhu" a matsayin babban suna, sai "borin huhun manoma" da "borin huhun masu kiwon tsuntsaye" a ƙarƙashinsa, kowanne da "mai tabo" ko "marar tabo".