Kwafi kyauta zai iya kada jari-hujja?

Mai Gyaran Waya: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. An kawo mini waya, ɓangaren caji ne kawai ya ƙone, amma kamfanin ya ɓoye zanen fanel ɗin, wai sai dai mai ita ya sayi sabuwa. Ni dai ina gaya muku, kwanan 'yan jari-hujja ya kusa ƙarewa. Abin da za a kwafa sau dubu ba a kashe ko kwabo ba, yaya za a ci gaba da sayar da shi? Linus Torvalds ya saki Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a 1991 kowa ya ɗauka, yau ga Android a kansa yake zaune. Wikipedia ta zo a 2001, kafin 2009 ta ƙare Microsoft ta rufe Encarta, kundin iliminta na sayarwa. Su kira shi sata in sun ga dama, mu dai kwafa za mu ci gaba da yi.

Hajiya Furodusa: Sata ce mana, Malam! Ka je Ƙofar Wambai ka tambayi waɗanda suka yi sana'ar faifan fim inda jarinsu ya tafi. Mu ci bashi mu yi fim, yaro ya zauna da kwamfuta a bakin titi yana tura wa mutane a waya, kuɗin ya shiga aljihunsa. Ni ce 'yar jari-hujjar da kake son kayarwa?

Kwamared: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Sata ita ce in kwance akuyarki ki wayi gari turke babu komai. In na kwafi fim, naki yana nan a hannunki.

Hajiya Furodusa: Yana nan, amma wa zai saya?

Ustaz: Kwamared, ji tsoron Allah. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta tabbatar cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, keta shi bai halatta ba.

Kwamared: To Ustaz, hadisin wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye fa, da linzamin wuta? Kuma littattafan da ke cike da wayarka, wa ka biya?

Ustaz: Ka tsaya kan gurguzunka, ka bar hadisi ga masu shi. Littattafaina na waƙafi ne.

Injiniya: 'Yan'uwa mun bar hanya. Linux ba satarsa aka yi ba, masu shi ne suka ba da lasisin a kwafa, a gyara, a raba. Kuma bai kada kowa ba. IBM ta sayi Red Hat, kamfanin da ke kasuwanci da Linux, kan dala biliyan 34 a 2019. Microsoft, wadda shugabanta na lokacin Steve Ballmer ya kira Linux ciwon daji a 2001, ita ce ta sayi GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu suna rabawa, kan dala biliyan 7.5 a 2018. Manhajar kyauta ce, amma wayar, da data, da wutar lantarki, da masana'antar da ke Shenzhen ta ƙasar Sin duk na mai kuɗi ne. Ko an ba ka zanen fanel, ina injin da za ka buga shi?

Mai Gyaran Waya: Yallaɓai, ni gyara nake so in yi, ba ƙerawa ba. Kuma Hajiya ta kira ni ɓarawo a gaban jama'a, ba wanda ya ce mata kanzil.

Hajiya Furodusa: Yaushe na ambaci sunanka? In ka tsargu, kai ka sani.

Kwamared: Haka kuke yi wa talaka tun zamanin NEPU. Da Malam Aminu Kano na raye, da kun ga inda zai tsaya.

Ustaz: Kar ka sako mana siyasa, kowa ya san hular da kake sakawa.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta shi ne mafi yawanmu mun yarda kwafar aikin wani ba da izininsa ba sata ce, kuma Ustaz ya kawo hujjar da ba a iya turewa ba. Bayanin Injiniya ma goyon bayan Hajiya yake yi, duk wanda ya karanta da kyau zai gani. Kwamared, hayaniya ka kawo. Na taɓa sayar da faifai, na san abin da ya same mu. Daga yau duk wanda ya turo fim ɗin wani cikin zauren nan, zan cire shi.