Neman kalmar Hausa: me za mu kira "linear"?

Malamin lissafi, Samaru: Assalamu alaikum. Ɗalibai na fassara kalmar da "na layi", ni kuwa ban gamsu ba. Layi a bakinmu ya haɗa da layin unguwa, layin waya da layin gidan mai, kuma kowannensu na iya lanƙwasa. Abin da lissafi ke nufi shi ne dangantaka tsakanin abu biyu, inda duk lokacin da aka ƙara ɗaya a wannan, wancan zai ƙaru da adadin da ba ya canzawa, kamar y = 2x + 3. Idan aka zana shi, ba ya karkata ko kaɗan. Shawarata: miƙaƙƙe, miƙaƙƙiya, miƙaƙƙu. Sai mu ce miƙaƙƙiyar dangantaka.

Malama, Tudun Wada: Na goyi baya, Malam, amma a ja kunnen yara kan abu ɗaya. Miƙaƙƙe ba ya nufin in ka ninka wannan, wancan ma ya ninka. A ce yadi naira 2,000 ne, ɗinki kuma 3,000 ko yadi nawa ne. Yadi 5 ya kama 13,000, yadi 10 kuwa 23,000, ba 26,000 ba. Dangantakar miƙaƙƙiya ce, sai dai ba daga sifili ta tashi ba, saboda kuɗin tela na nan daram. A nan ne da yawansu ke zubar da maki.

Injiniya, Sabon Gari: Allah ya gafarta Malam, a wajen gini miƙaƙƙe ba zai zauna ba. Mu tsawo muke nufi, banda faɗi da kauri. Mitar da ake auna fayif ko waya da ita, mitar tsawo ce. Haka buɗewar ƙarfe da zafi: rodi mai mita 12, in zafi ya tashi daga digiri 15 na sanyin hunturu zuwa 40 na bazara, zai ƙara wajen milimita 3.6. Shi ya sa ake barin 'yar tazara a mahaɗar gada. Wannan ƙarin tsawo ne. In aka ce "miƙewar ƙarfe", birkila zai ɗauka lanƙwasasshen rodi aka gyara.

Malamar adabi, Kongo: Mu ma namu daban. Labarin da ya taso daga haihuwa har tsufa ba tare da waiwaye ba, bi da bi yake tafiya. Ƙauyen da gidajensa suka bi gefen titi, irin waɗanda ake gani a hanyar Kano, a jere yake, ko da titin ya yi kwana.

Malamin lissafi, Samaru: Madalla. Asalin kalmar daga Latin ne, sunan zare, irin igiyar da magini ke ja tsakanin turaku biyu, don haka tsawo da miƙewa duk suna cikinta. Mu tsaya a kan miƙaƙƙe a lissafi, na tsawo a awo, bi da bi ko a jere a tsari. Saura kishiyarta. Kada a ce lanƙwasasshe, domin wata dangantakar tsalle take yi, ba lanƙwasa ba. Marar miƙewa ya fi.

Injiniya, Sabon Gari: Na karɓa. Ga misalin marar miƙewa da za a ba yara: fili 50 bisa 50 da fili 100 bisa 100. Gefe ya ninka sau biyu, ƙasa ta ninka sau huɗu.