Ɗana ya iya ƙwallo amma ba mu gada ba, in sayar da filina in kai shi makarantar horo?

Baban Sadiƙu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga wanda abin ya taɓa faruwa a gidansa. Ni tela ne a Kano. Ɗana na biyu shekararsa 13, yana aji biyu a ƙaramar sakandare, da ƙafar hagu yake bugawa, kuma duk wanda ya gan shi a fili sai ya tambayi ɗan waye. Kocinsu na unguwa ya same ni har shago, ya ce akwai makarantar horar da 'yan ƙwallo ta kwana a Kaduna, boko da safe, atisaye da yamma, naira dubu ɗari tara a shekara har da abinci. Ba ni da su sai in na sayar da ɗan filin da na saya a bayan gari. Yayana ya ce kada in kuskura, mu ɗinki muka gada tun daga kakanmu, kuma ɗan na gada ya fi ɗan na koya. Maganar ta tsaya min a rai. Shin wannan abu a jini yake ko horo ne? Ba maganar Turai nake ba, ba kuma cire shi daga karatu zan yi ba. Wanda ya taɓa kai ɗansa irin wannan wuri, yaya ta kaya?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Baba kada ka bari ya tafi Turai ta hannun dillali, cuta ce zalla.

Abu Hafsat:
Yayanka ya yi gaskiya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Dubi Abedi Pele na Ghana, sau uku a jere yana zama gwarzon Afirka, 1991 zuwa 1993, ga 'ya'yansa Dede da Jordan Ayew duk sun buga wa ƙasarsu gasar cin kofin duniya. A Italiya gidan Maldini kaka da ɗa da jika duk sun sa rigar Milan. Nan kusa ma, gidan su Tijjani Babangida a Kaduna: shi ya je Ajax ya ci zinare a Atlanta a 1996, ƙaninsa Ibrahim yana cikin yaran da suka ɗauko kofin 'yan ƙasa da 17 a Japan a 1993, Haruna kuma Barcelona ta ɗauke shi yana yaro. Uku a gida ɗaya. Wannan ba jini ba ne?

Malam Koci:
Abu Hafsat, uku a gida ɗaya kuma uku a tukunya ɗaya, a layi ɗaya, ƙani yana sa takalmin da wansa ya cire. Ta yaya ka raba jinin da gidan? Na daɗe ina horar da yara a Zariya. Ƙanin ɗan wasa yakan fi tsaransa tun yana ƙarami, domin kullum da manya yake bugawa, ana bangaje shi yana tashi. In kuma wansa ya samu kulob, ba sai ya yi layi a ƙofa ba, waya ɗaya ce. Mahaifin Sadio Mane limami ne a ƙauyen Bambali, bai ma so ɗansa ya yi ƙwallo ba. Osimhen ruwan leda ya sayar a titin Legas kafin ya zura ƙwallo 10 a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2015. A wurin wa suka gada? Baban Sadiƙu, dubu ɗari tara ta yi yawa. Na san wurin da ake biyan dubu ɗari da hamsin a zango.

Tsohon Lamba Tara:
Na so in yi shiru, na kasa. Ni ne ɗan na gada ɗin da kuke magana. Mahaifina ya buga wa kulob ɗin wata masaƙa a Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki, har yau dattawan unguwarmu da sunansa na fili suke kirana. Tun ina firamare ake cewa ga magajin babansa. Ba wanda ya taɓa tambayar sakamakon jarrabawata, ko ni ban tambaya ba. Bayan rasuwarsa wani mutum ya zo da mota mai baƙin gilashi, ya kalli wasanmu, ya ce zai kai ni gwaji a waje. Ya san sunan babana, ya ce har wasansa ya kalla. Wannan maganar ita ta buɗe masa ƙofar ɗakin mahaifiyata. Ta sayar da gonar da ta gada, ta cire 'yan kunne da sarƙar da take ajiye wa ƙanwata ta haɗa. Ina tsaye ta ƙirga kuɗin a kan tabarma, ta naɗe su a ɗankwali ta miƙa masa.

Ya kai mu wata ƙasa a arewacin Afirka, mu da wasu yara daga Kamaru da Mali, ya zuba mu a wani ƙaramin otal, ya karɓi fasfo ɗinmu wai zai kai ofishin kulob. Daga nan wayarsa ta mutu. Mai otal ya watso mana jakunkuna waje. Na yi leburanci a wurin gini, ina ɗaukar siminti, da daddare mu buga ƙwallo a kan daɓe don kada ƙafa ta manta. A nan gwiwata ta tsinke. Da ƙyar wasu 'yan ƙasarmu suka haɗa min kuɗin dawowa. Na tarar da Inna a kwance, ba ta taɓa yi min maganar gonar ba har ta koma ga Allah. Yanzu adaidaita sahu nake ja, kuma in na daɗe a zaune sai na dafa kafin in miƙe. Da ba a cika mana kunne da gado ba, da wani a dangi ya tsaya ya bincika mutumin. Kada ka sayar da filinka.

Maman Ummi:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Inna, ya saka maka. Wallahi na yi hawaye.

Ɗan Fagge:
Kun ji abin da na faɗa tun farko.

Baban Sadiƙu:
Allah ya jiƙanta ɗan'uwa, na ji zafin labarinka. Amma don Allah a duba tambayata: Kaduna ce, awa kaɗan a mota, kuma da makaranta a ciki.

Tsohon Lamba Tara:
Nawa ma daga filin unguwa ya faro, Baba. Su dillalan a irin waɗannan makarantun suke farauta. Shekara biyu za a kira ka a ce yaronka ya fi ƙarfin Nijeriya, a kawo kuɗin biza.

Barista Na Gida:
A sani cewa dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi, kamar iyayensa su ƙaura can saboda dalilin da ba na ƙwallo ba. Duk wanda ya ce zai kai yaro ɗan 15 wani kulob a Turai, daga nan ka gane shi. Kafin ka biya ko sisi ka nemi takardar rajistar makarantar, ka karanta abin da za ka sa wa hannu. Wani maƙocina bai karanta ba, ashe ya ba su ikon yaron na shekaru. Shi miliyan ɗaya da rabi ya biya a Abuja, ban da takalmi.

Sarkin Yaƙin Pillars:
Miliyan ɗaya da rabi? Makarantar gaskiya ba ta karɓar kuɗi. In yaro ya iya su za su ciyar da shi, domin a kansa za su ci riba gaba. Ahmed Musa a gasar gida ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kaka ɗaya, daga nan sai Holan. Ɗan yayata dubu biyar yake biya a wata, kuɗin ruwa da ƙwallo, kuma an kira shi gwajin jiha.

Malam Koci:
Dubu biyar ai ba kwana ba abinci. Kada a haɗa abin da bai haɗu ba.

Bazazzagi:
Ni dai abin da ya ba ni mamaki, Bakano zai sayar da fili saboda wasa. Ashe duniya ta zo ƙarshe. Baba ka tabbata ba Bazazzagi ne kakanka ba?

Sarkin Yaƙin Pillars:
Bawa ya samu waya. Ku fara kawo kofi ɗaya Zariya tukuna a yi magana da ku.

Ɗan Maraɗi:
Ku bari in kawo na wajenmu, mu kokowa muka sani. Tun da aka fara gasar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasar Nijar, a Tawa a 1975 Kantu na Maraɗi ya ɗauka, kowane yaro a karkara burinsa ke nan. Babanmu ɗan kokowa ne na gari, bayan girbi har ƙauyukan maƙwabta ake gayyatarsa. Dukanmu mun ɗauko ƙirjinsa da kaurin wuyansa, wannan ba gardama. Amma wanda ya yi suna a gidan ɗan ƙanwarsa ne da aka kawo riƙo, siriri, shi ke riƙe masa layu da ƙwaryar fura in zai shiga fili. Yana gefen makaɗa yana kallon inda tsoho ke sa ƙafa. Mu da muka gaji jikin muna kasuwa muna auna hatsi.

Runji:
Haka yake a dambe. Mu mahauta ne, a da in ka ji ɗan dambe to ɗan runji ne, ana cewa gadonmu ne. Amma fa yaron mahauci yana cin nama, yana kayar da sa, yana bin ayari gari gari lokacin kaka, kuma ba a jin kunyar ya ɗaure hannu. Yanzu je ka gidan dambe ka ƙirga, direbobi da makanikai da manoma sun cika shi, suna kisa, wato kayar da abokin karawa, kamar kowa.

Abu Hafsat:
Duk kun kauce. Haaland fa? Uba ɗan ƙwallo a Ingila, uwa 'yar tsere da tsalle. Mbappe uba koci, uwa 'yar ƙwallon hannu. Ku kawo min ɗan tela mai wannan gudun.

Tsohon Lamba Tara:
Malam, ka taɓa buga wasa ko da na unguwa, ko a gidan kallo ka koyi duk wannan? Mu da muka bar gwiwa a fili muna magana kana jero mana sunayen Turawa.

Abu Hafsat:
Sai wanda ya karye ne zai yi magana? Da labarinka za a bi, ai babu wanda zai ƙara taɓa ƙwallo.

Maman Ummi:
Haba Abu Hafsat, mutum ya rasa uwa, a tausasa harshe. Kuma duk cikinku ba wanda ya tambayi me mahaifiyar Sadiƙu ta ce. Ni na kai nawa irin wannan wuri a Jos yana 14. Zango biyu ya yi na ɗauko shi. Ƙwallon kam an koya masa, amma bokon suna ne kawai, malami ɗaya ke koyar da lissafi da Turanci da komai, in akwai wasa a soke aji. Na je ba sanarwa ranar Laraba da hantsi na tarar da su suna barci. Baban Sadiƙu, in za ka je dubawa kada ka faɗa musu ranar, kuma ka leƙa tukunyarsu.

Nas Hauwa:
Ni ma'aikaciyar lafiya ce. Tsayi da ƙirar jiki yawanci gado ne, binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna kusan kashi 80 cikin ɗari na bambancin tsayi daga iyaye yake, amma yunwa a ƙuruciya tana tauye shi. A shekara 13 kuma ba a gama sanin jikin yaro ba. Wanda ya riga tsaransa balaga zai yi ta wuce su kamar iska, bayan shekara uku su kamo shi. Ni da zan ba da shawara, a jira ya kai 15, a ƙara masa ƙwai da wake da barci.

Malam Koci:
Hajiya, a 15 an makara da koyon taɓa ƙwallo. Kuma wa ya ce miki tsaransa yake bugawa da su? Nan ne ciwon. Ka kai yaro ɗan 13 na gaskiya gwajin 'yan ƙasa da 15, a haɗa shi da mai aske gemu kullum safiya. Na ga yaro mai baiwa ya koma gida yana kuka, an ce ba shi da ƙarfi. Tun gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da 17 ta 2009 da aka yi a nan Nijeriya, har Kano da Kaduna da Bauchi aka buga, FIFA ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekaru. To a gasar unguwa da ta jiha wa zai ɗauki wannan hoton?

Tsohon Lamba Tara:
Ni ma shekara uku mutumin ya rage min a fasfo. Har yau takarduna ba su daidaita ba.

Sarkin Yaƙin Pillars:
Ku bar ta shekaru, ina ma filin da za a buga? Filin firamaren da muka taso a ciki an yanka shi an jera shaguna ta gefen titi, abin da ya rage ko gola ba ta da wurin faɗuwa. Yaranmu a kan kwalta suke bugawa, ana dakatawa mota ta wuce.

Bazazzagi:
Wannan kam ba wasa, har wajenmu. Namu wurin ajiye tifofin yashi ya koma. Mun rubuta takarda mun kai wa mai unguwa, ya ce daga sama ne.

Runji:
Gidan damben garinmu sau nawa ana tashinsa. Yanzu bayan tasha muke, kusa da bola.

Malam Koci:
Ni haya nake biya a filin wata makaranta mai zaman kanta, awa biyu, in sun yi biki a kulle mana ƙofa ba sanarwa, yara su taho daga nesa da takalmi a leda su koma. Bazazzagi, takardar da kuka rubuta mutum nawa suka sa hannu? Turo min ita ta waya, akwai masu kulob na unguwanni da zan tara ranar Asabar.

Bazazzagi:
Sai na nemo ta wurin sakatarenmu, ya yi tafiya Funtuwa.