Tayoyin bayan ƙaramar tarakta: in cika su da kumfa ko in bari?

Assalamu alaikum jama'a. Ina da ƙaramar taraktar lambu, 'yar kwatano, da nake jan tirela da ita a gonata ta kabeji da karas a wajen Bukuru, kusa da Jos. Tayoyin bayanta masu girman 23x10.50-12 ne, masu ƙananan haƙora irin na yankan ciyawa. Da ruwa ya sauka sai su yi ta juyawa a jan laka ba su tafiya, da rani kuma ƙaya da tsinin dutse ba sa barinsu su huta. Mai faci har ya san sautin injina.

Na yanke shawarar sayen masu manyan haƙora irin na babbar tarakta. Inda na maƙale shi ne cika su da kumfar foliyuritan, wani sinadari da ake ɗurawa cikin taya maimakon iska, ya daskare kamar roba. Na san tana hana taya sacewa gaba ɗaya, kuma tana ƙara nauyi, wanda nake so saboda santsi. Amma in ta daskare shi ke nan, sai an yanka tayar kafin a raba ta da rim, kuma tafiya takan yi tauri. Gonata duwatsu ce, ina tsoron girgizar ta ci mini aksul da giya, kayan da samunsu a nan sai an sha wuya.

Wanda ya taɓa yi, yaya injinsa ya kasance bayan shekara biyu? Akwai mai wannan aiki a Jos ko Abuja? Ko dai in sa tib a cikin tayoyin in zuba ruwa don ƙarin nauyi, tunda sanyin Jos ba ya daskarar da shi? Allah ya saka da alheri.