Tsohon Agogon Bango da Akwatin Durowa na Zamanin Turawa: Nawa Ne Kuɗinsu a Gwanjo?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman masu ido a kan tsofaffin kaya. Cikin kayan gadon da za a raba a gidanmu akwai agogon bango mai gidan katako, tsawonsa ya kusa ƙafa uku. Yana da lilo da ramuka biyu a fuska inda ake sa makulli a yi masa wani, wato a ɗaure shi, yana buga awa da rabin awa. Akwai kuma akwatin durowa da ke rabuwa gida biyu, sama da ƙasa, hannayensa na tagulla ne a nutse cikin katakon. Dole a yi musu kuɗi kafin rabo. Na ga agogo kusan irinsa a intanet, wani shago a Ingila ya sa masa fam 900, sai kuma na ga wani a shafin gidan gwanjo an rubuta fam 45. Wanne ne farashin? In an ce a kai su gwanjo a waje, akwai riba ko wahala ce kawai? Wani kuma ya ce a fara goge su a yi musu fenti don su ƙara daraja.

Dillalin Kayan Da:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mamaci. Malam, fam 900 ɗin nan kuɗin da mai shago yake fata ne, zai iya shekara biyu a rataye ba wanda ya taya. Fam 45 kuwa, in sakamakon gwanjo ne, kuɗi ne da wani ya ciro daga aljihu ya biya. Na biyun shi ne abin dubawa. In kana bincike a eBay, latsa wurin da ke nuna kayan da aka riga aka sayar. A shafukan gwanjo na intanet irin the-saleroom, LiveAuctioneers da Invaluable kuma nemi sakamakon gwanjon da ya wuce. Tara kamar guda goma na kamfani ɗaya, girma ɗaya, lafiya ɗaya, cikin shekara biyu zuwa uku da suka wuce. Cire mafi tsada da mafi araha, ka ɗauki na tsakiya.

Ko a cikin gwanjon ma, kaya ɗaya yana da lamba huɗu, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Akwai ƙiyasin da gidan gwanjo ke bugawa kafin ranar, misali fam 150 zuwa 250, wanda sau da yawa da gangan ake sassauta shi don a jawo masu tayi. Akwai gejin da mai kaya ya gindaya a asirce, in tayi bai kai shi ba kaya ya koma gida, kuma bisa al'ada ba ya wuce ƙasan ƙiyasi. Akwai kuɗin da aka buga guduma a kai. Sannan akwai abin da mai saye ya biya bayan an ɗora masa la'ada. Manyan gidaje irin Christie's da Sotheby's suna wallafa farashi haɗe da la'adar, ƙananan gidaje da yawa kuɗin guduma kawai suke nunawa. Sai ka tabbatar wanne kake kallo kafin ka kwatanta.

Ga lissafi a kan kayan da guduma ta faɗi a fam 200. La'adar mai saye a Ingila yawanci tana tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100, mu ɗauki 25, fam 50 ke nan. Harajin VAT na kashi 20 a kan la'adar, fam 10. In ta intanet ya yi tayi, shafin zai ƙara kusan kashi 5, fam 10, da harajinsa fam 2. Ya biya fam 272. Ta ɓangaren mai kaya kuma, a cire la'adar kashi 15 da harajinta, fam 36, a cire inshora kusan kashi ɗaya da rabi, a cire kuɗin hoto. Abin da zai shigo hannunsa kusan fam 150 ne. Tsakanin 272 da 150, gidan gwanjo, shafin intanet da gwamnati ne suka ci. Ba a ma zo kan kuɗin ɗauko kaya daga nan ba, ga harajin shigar da kaya Birtaniya, wanda yake kashi 5 ga abin da ya haura shekara 100.

Kada labarin manyan ciniki ya ɗauke ku. Gaskiya ne an sayar da wani agogon kamfanin Breguet dala miliyan 6.8 a Sotheby's ta New York a 2012, amma wannan an san wanda ya ƙera shi da hannu, an san basaraken Faransa da aka yi wa shi. Agogon masana'anta wata duniya ce daban.

Baba Mai Agogo:

Alhaji ya gama da lissafi. Ni abin da zan fara cewa, ɗana, a ajiye fenti da Brasso, man goge tagulla, a gefe. Fuskar tsohon agogo ko dai fenti ne a kan ƙarfe, ko takarda, ko siririn shafen azurfa a kan tagulla. Brasso yana cinye shafen nan cikin minti biyu, ya tafi da lambobi da sunan kamfani. Sabon fenti a jikin katako kuma yana iya zubar da rabin kuɗin. Busasshen tsumma mai laushi ya isa.

Sunan da ke fuska sau da yawa na shagon da ya sayar ne. Mai ƙira yana bayan inji. Ka cire lilon tukuna: ɗaga shi sama kaɗan ka zare daga ƙugiya, don siririn ƙarfen da yake rataye a kai yana karyewa in aka motsa agogo da lilo a jiki. Sannan a sauke agogon, a haska farantin tagullar baya da tocila. Tauraro mai tsini takwas da harafin J a ciki, kamfanin Junghans ne. Kibau biyu a gicciye, kamfanin Hamburg-Amerika ne. Ƙugiyar jirgin ruwa da haruffan GB, Gustav Becker ne, kuma nasa da nauyin da aka rataya ke tafiyar da su sun fi masu sifirin kuɗi. Seikosha na Japan ne, an kafa shi a 1892. Ansonia na Amurka ne, ya rufe a 1929. Smiths Enfield na Ingila ne, daga shekarun 1930 zuwa gaba, an yi su ba adadi, na kan kanta sau da yawa ko fam 50 ba sa kaiwa.

Rubutun ƙasa ma yana faɗin shekaru. "Made in Germany" ya bazu ne bayan dokar Birtaniya ta 1887. "West Germany" bayan 1949 ne. In fuska ta ce "31 Day", wato wanin wata guda, kusan kullum na Koriya ne ko Sin, na baya-bayan nan. Masu rubutun "Victoria Station London 1747" kuwa jabu ne tsantsa, don tashar ba a buɗe ta ba sai 1860.

Wanda ke da kuɗi a cikin agogunan bango shi ne zagayayyen Ingila na ofis da tashar jirgin ƙasa. Ramin wani ɗaya gare shi, faranta masu kauri, a ciki akwai dunƙulen tagulla mai siffar mazurari da siririyar sarƙa nannaɗe a jiki, wadda ke daidaita ƙarfin sifirin daga ranar farko zuwa ta takwas. A kasidar gwanjo fusee ake rubuta masa. Irinsa yana yin ɗaruruwan fam, na kamfanin jirgin ƙasa mai lamba ta gaskiya ya fi haka. Ramuka biyu da ka ambata sun sa ba na zaton naku shi ne.

Ka kuma duba ko injin na gidan ne. In ka ga tsofaffin ramukan sukuru a allon baya babu abin da ke cikinsu, ko ramin wani bai zo daidai tsakiyar ƙarfen wani ba, to an aurar da injin wani agogo da gidan wani. Masu saye na gudun wannan.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode, Baba. Na duba. Tauraro ne da J, ƙarƙashinsa an buga B12. Babu ramukan banza a baya. Kwalliyar saman kan ta ɓace, gilashin gefe ɗaya ya tsage. In aka kaɗa lilon yana tafiya kamar minti biyar ya tsaya.

Baba Mai Agogo:

To Junghans ne na garin Schramberg a Jamus. A tsarinsu A rabin farko ne na shekara, B rabin ƙarshe, don haka an yi injin a ƙarshen 1912. Ya haura shekara 100, amma tsufa kaɗai ba ya kawo kuɗi. Tun 1903 kamfanin nan yake fitar da agogo sama da miliyan 3 a shekara, shi ne mafi girma a duniya a lokacin. Naku ya fi kusa da na fam 45 nesa ba kusa ba, kuma rashin kwalliyar kai na rage shi.

Tsayawa bayan minti biyar yawanci ɗayan abu uku ne. Na farko, agogon bai daidaita a bango ba. Saurara: in ƙarar tana ɗingishi, ɗaya gajere ɗaya dogo, tura ƙasan gidan hagu ko dama kaɗan-kaɗan har ta daidaita, ka sa alama da fensir a bango. Na biyu, tsohon mai ya daskare ya haɗu da ƙurar hunturu. Maganinsa a wargaza injin a wanke, a ɗiga man agogo kamar kan allura a kowane ramin da sandar faifai ke juyawa. Haƙoran faifai ba a sa musu mai. Man keken ɗinki, baƙin mai, man gyaɗa da WD-40 duk suna kama ƙura su zama kamar sanfefa, su ci ramukan. Na uku shi ne ramukan sun riga sun cinye sun zama kamar ƙwai. Za ka ga baƙin datti a bakinsu, kuma sandar na rawa in ka taɓa faifan. Wannan sai an huda an sa sabon zoben tagulla.

Kada kowa ya kwance notin faranta alhali sifirin na ɗaure. Sai an sauke ƙarfinsa a hankali da makulli, in ba haka ba ya fizge ya karya haƙora, ya kuma yanka yatsa. In sayarwa za a yi, a bar shi yadda yake. A Ingila kuɗin cikakken gyara ya ninka kuɗin irin wannan agogo, a gwanjo ma ba sa ba da tabbacin yana aiki.

Hajiya Mai Kayan Ɗaki:

Duk kun tattaru a kan agogo, alhali akwatin nan ne zai iya zama mai kuɗin. Yadda ka siffanta shi, irin wanda hafsoshin soja da jami'an mulkin mallaka ke yawo da shi ne. An raba shi biyu don sauƙin ɗauka, an nutsar da hannaye don kada su karye a hanya, kusurwoyi na da ɗaurin tagulla, ƙafafu kuma murɗe su ake yi a cire. Kasuwar manyan kabad da teburan mahogani na zamanin Sarauniya Victoria ta faɗi warwas tun bayan 2002, don gidajen yanzu ƙanana ne kuma matasa sun koma kayan Denmark na shekarun 1950 da 1960. Amma wannan samfurin bai faɗi kamar sauran ba, shi ya sa ma ake yawan kwaikwayonsa.

Zaro durowa ɗaya ka juya ta. Haƙoran da suka haɗa gaba da gefe, in na hannu ne za ka gan su sirara, ba su yi daidai da juna ba, har da layin da kafinta ya ja. In duk girmansu ɗaya kamar an buga da hatimi, inji ne. Ƙasan durowa ya zama katako ne, filawud alamar ƙarni na 20 ce. Sukurun tagullar su zama masu tsaga ɗaya, masu kan gicciye sai shekarun 1930 suka fito. Duba cikin durowar sama da jikin kwado ko akwai sunan shago, kamar Army & Navy na Landan, wannan na ƙara kuɗi. In kuwa PWD ka gani an buga, aikin ma'aikatar ayyuka ne da aka yi a nan don gidajen gwamnati, yana da ƙarko amma kasuwarsa ta gida ce. Ka tabbatar sama da ƙasa launi ɗaya ne, ƙirar hannu ɗaya. Ƙananan ramuka masu zubar da gari fari-fari na nufin ƙwaro na ciki har yanzu, gara kuma daga ƙasa take farawa, sai a ƙwanƙwasa a ji ko ya zama holoƙo.

Abu biyu na doka. In akwai farin zobe a bakin ramin makulli, yana iya zama hauren giwa. Dokar Birtaniya da ta fara aiki a Yunin 2022 ta hana cinikinsa, sai 'yan abubuwan da ta keɓe, kamar kayan da aka yi kafin 1947 wanda hauren bai kai kashi 10 na jikinsa ba, shi ma sai an yi masa rajista. A Najeriya kuma, aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 ba ya fita sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Agogon Jamus bai shiga wannan ba, amma samun takardarsu na rage jayayya da kwastan.

Dillalin Kayan Da:

Hajiya ta yi gaskiya a kan akwatin, sai dai ni ban yarda a ɗaga shi daga ƙasar nan ba kafin a ji ta bakin gidan gwanjo. Yawancinsu suna ba da ƙiyasi kyauta ta imel. Aika hoton gaba, baya, gefe biyu, ƙasan durowa, haƙoran haɗi, kwado, da duk inda ya tsage, tare da tsawo, faɗi da zurfi a santimita. Tura wa gida uku. Nemi su rubuta maka ƙiyasin gwanjo, ban da na inshora, don na inshora kuɗin shago ne kuma yakan ninka. Tambaye su la'adar mai kaya, kuɗin da ake biya in bai sayu ba, da kuɗin ajiya na kowace rana bayan gwanjo. Daga ƙasan ƙiyasin ka cire duk wannan da kuɗin akwatin katako da na jirgi. In abin da ya rage bai wuce tayin da za a yi muku a Kano ko Kaduna ba, a yi wa kayan kuɗin gida, dillalai biyu su taya kowa daban, magajin da ke so ya ɗauka a cikin rabonsa a kan wannan farashi. Agogon dai ko tambaya ba sai an yi ba, kuɗin jirginsa kaɗai ya fi kuɗinsa.