Sati guda ana karatun takalmi a matanel, anya karatu ne?

Uwar Biyu, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Autata shekararta 4, tana matanel, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, a nan Garwa ta Kamaru. Ran Litinin ta dawo da 'yar takarda daga metires, wato malamarsu, wai darasin satin nan takalmi ne, kowane yaro ya zo da tsoho ɗaya daga gida. Washegari ina fama da kunun safe, ashe 'yar nema ta sunkuci ƙafa ɗaya na takalmin Juma'ar babanta ta cusa a jaka. Jiya Malam ya yi wanka ya zuba babbar riga, aka nemi warin takalmi sama ko ƙasa babu. Da san-konfiyans, wato silifas ɗin alwala, ya tafi masallaci, har yanzu fuskar ba ta saki ba. To ni tambayata, kuɗin makarantar nan ba kaɗan muke biya ba, amma sati guda ba baƙi ba wasali, sai zanen tafin ƙafa. Karatu ne ko cin lokaci?

Tsohuwar Metires, Ngaundere:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ba ni dariya, a ba Malam haƙuri. Na daɗe ina riƙe 'yan shekara 4, kuma wannan darasin ina sonsa. Mukan tube musu takalma mu tara tsibi guda a tsakar aji, a ce kowa ya nemo nasa da warinsa. Yaron da ya gane wannan da wancan iri ɗaya ne amma ɗaya ya karkata dama ɗaya hagu, shi ne gobe ba zai rikita b da d ba. Daga nan a jera daga ƙarami zuwa babba, a ƙirga bibbiyu, a ware na roba da na fata. Lissafi ke nan, ba a dai kira sunansa ba. Faransancin ma ta nan yake shiga, don "gauche" (hagu) da "droite" (dama) sun fi zama a kai idan ƙafa ce ta koya. Ki ɗora mata da namu a gida: dama ake fara sawa, hagu ake fara cirewa, sunna ce. Kuma ta saba kakkaɓe takalmi kafin ta zura ƙafa, kin san zafin Garwa na watan Afrilu da kunama.

Ɗan Baduku, Marwa:
Hajiya, ni ba darasin ne ya dame ni ba. Jikana ya zo da takardar da suka shafa wa kala, duk takalman ƙanƙara ne na Turawa, a garin da ake jima tun kaka da kakanni! Ko samara ɗaya, takalminmu na fata, babu. Da za su kawo yaran rumfarmu su taɓa fatar akuya ɗanya, su taɓa wadda ta sha bagaruwa, su ga yadda ake ɗora ƙafa a kan kwali a zagaye ta da alƙalami kafin a yanka kirgi. Zanen tafin ƙafar da kike rainawa, da shi muke fara kowane aiki.

Baban Yara, Kuseri:
Ni dai ina bayan Uwar Biyu. Yau takalmi, gobe a ce a kawo sefa 500 na gam da fenti. A koya musu ABC mu huta.

Uwar Biyu, Garwa:
Na gode. Yaya Metires, na gwada ta da takalman ƙofar ɗaki, ta haɗa kowanne da warinsa, har ta gyara wa yayanta da ya sa nasa a juye. Baba na Marwa, zan kai wa metires ɗinsu maganarka, dukawa ba su yi mana nisa ba. Na je karɓo takalmin Malam yau da safe. Ashe shuka suka yi a cikin tsofaffin takalman: na tarar da shi a bakin taga cike da ƙasa, wake ya tsiro har ganye biyu, yarinya kuma ta kafe ba mai taɓa mata gona. Ban gaya masa ba tukuna.